Famfas a Gurbin Bore: ina yake zuwa bayan an cire shi?

Sharhinmu na yau a kan wani abu ne da ba a cika kawo zancensa zaure ba, domin maza suna ganin maganar cikin gida ce, mata kuma suna jin nauyin faɗarta a gaban maza. Ƙunzugun jarirai na zamani nake nufi, wanda kowa ya sani da famfas. Gurbin Bore ce a raina, garin nan na ƙaramar hukumar Zurmi da ke kan hanyar da ta taso daga Ƙauran Namoda ta ratsa Zurmi ta nufi Jibiya. Amma duk abin da zan faɗa ya shafi Moriki da Dauran da Shinkafi da ita kanta Ƙaura, har da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Sunan ma kansa na kamfani ne. Pampers haja ce ta kamfanin Procter & Gamble na Amurka, wadda ya fito da ita kasuwa a 1961, bayan wani injiniyansa mai suna Victor Mills ya jagoranci aikin ƙirƙiro ta. Bakinmu ya mai da ita famfas, muka kuma laƙaba wa duk wani ƙunzugun da ake yarwa wannan suna, ko Molfix ne, ko Huggies, ko wanda ba shi da suna sam, yadda muka yi wa omo da magi. Amurkawa suna ce masa diaper, kalmar da a Turancin da can take nufin wani farin yadi mai daraja da ake saƙawa da ƙananan gidaje masu maimaita juna. Da aka shiga naɗe jarirai da irin wannan yadi, sai sunan ya koma kan ƙunzugun. Daga Turawan Ingila kuwa muka samo nafkin, farin tawul ɗin nan mai kusurwa huɗu da ake ninkewa a soke da fil, a ɗora wandon roba a kai. Tsofaffinmu suna da nasu tun kafin duk wannan, wato ƙunzugu, ko tsumma kawai. A yau idan mace ta ce nafkin, wanda ake wankewa take nufi. Idan ta ce famfas, wanda ake yarwa take nufi, kuma wurin yarwar ne ya sa na ɗauko wannan magana.

Mu tuna yadda iyayenmu mata suka rene mu. Tsohon zane da ya sha wanki har ya yi laushi, shi ake yagawa gida-gida. Jariri yana goye a baya, an ɗaure shi da majanyi, uwa tana jin duk motsinsa. Da ya fara miƙa, ko ya yi wani irin nishi da ita kaɗai ta san ma'anarsa, sai ta sauke shi, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗan ware su, ta zaunar da shi a kansu yana kallonta, tana riƙe da hannuwansa tana yi masa wasa har ya gama. Sai ta barbaɗa toka, ta kwashe da sakaina, ta kai masai, ta wanke shi, ta wanke hannunta. Yaron da aka saba masa da haka, tun kafin a yaye shi ya san ba a yi a jiki. Wannan ilimi ne na gaske, kuma yana ba ni takaici in ji wata yarinya tana kiransa ƙauyanci.

Sai dai kada mu yi wa jiya ado fiye da yadda take. Wannan reno aiki ne ja, kuma duk a wuyan mace yake. Yana buƙatar ruwa da sabulu da lokaci, abubuwa uku da suka yi wa matan yankinmu ƙaranci. Matar da 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyensu, ta zo ta raɓa a ɗakin dangi a Zurmi ko Shinkafi, ko tana kwana a ajin makarantar firamare, tana sayen ruwa a jarka daga hannun ɗan garuwa, da wane ruwan za ta wanke tsumma sau goma a yini? Matar da ta goya yaro mai gudawa ta shiga motar haya daga Gurbin Bore za ta asibiti, an matse su shida a kujerar baya, ga tsaye-tsaye a shingayen hanya, ita kam famfas sutura ce a gare ta. Duk wanda ya ce a hana shi baki ɗaya bai taɓa kwana da jinyar yaro ba.

To amma mene ne a cikinsa? Hawa uku ne. Na sama, wanda ke taɓa fatar yaro, wani siririn yadi ne na roba da ke barin ruwa ya wuce. Na tsakiya ɓargon itace ne da aka sarrafa ya yi laushi, an gauraya shi da wani gari na sinadari wanda ke shanye ruwan da ya ninka nauyinsa sau da yawa, ya daskare shi. A shekarun 1980 aka fara zuba wannan gari, shi ya sa famfas ya rage kauri ya kuma ƙara riƙe fitsari. Na waje kuma leda ce zalla. Waɗanda suka ƙirƙiro shi sun yi shi ne don gidan da za a canza wa yaro duk bayan awa biyu ko uku, da kuma garin da motar shara ke zuwa ƙofar gida ta kwashe. Mu famfas ɗin ya iso mana, amma kuɗin canzawa akai-akai bai iso ba, motar sharar ma ba ta iso ba.

Batun kuɗi ba sai na faɗa wa kowa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, komai ya tashi. A Disamban wannan shekarar Procter & Gamble ya ba da sanarwar daina sarrafa kaya a Najeriya, sai dai ya riƙa shigo da su daga waje. A 2024 kamfanin Kimberly-Clark mai yin Huggies shi ma ya tattara ya bar ƙasar, alhali a 2022 ya buɗe masana'antarsa a Ikorodu. Molfix na kamfanin Hayat na Turkiyya ana yin sa a Agbara ta jihar Ogun, amma kafin kwali ɗaya ya taso daga kudu ya iso teburin ɗan tireda a Gurbin Bore, ya sha kuɗin mota da na shinge da na kasadar hanya. Mutanen nan ba su manta da 2021 ba, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya, kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta tsaya cik.

Saboda haka ba ƙunshi ake saye ba, ɗai-ɗai ake saye. Ka je teburin mai kayan masarufi za ka gan su a rataye, wasu a cikin farar leda babu suna babu kwanan wata, rana da ƙura suna dukansu. Yarinya ta zo da 'yan canji a hannu ta ce a ba ta guda ɗaya. Wannan guda ɗayan shi za a ɗaura wa jariri bayan wankan safe, ya wuni da shi, wani lokaci har ya kwana. Idan ma'aikaciyar asibiti ta yi faɗa, amsar da take samu ita ce: "Malama, in na canza mashi sau shida, mi za mu ci?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ba uwar ya kamata ta amsa ta ita kaɗai ba.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin ledar nan a tsawon wunin. Fitsari ya haɗu da kashi, ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin su narka wani sinadari na fitsarin ya koma mai zafi, shi ne warin nan mai hawa kai da ake ji idan an kwance. Wannan zafi ke cin fata. Ga gumi, ga rashin iska, ga zafin bazara irin na arewacin Zamfara. Fata ta yi ja, ta saɓule, ƙuraje su feso a matsematsi, yaro ya yi ta tsala kuka da zarar ruwa ya taɓa wurin. Sai a ce ƙaiƙayi ne, ko maita, ko haƙori yake fitarwa, a shafa toka da manja, ko a sayo wani kirim mai ƙarfi a kemis wanda zai ƙara siranta fatar. Alhali maganin farko a hannu yake. A cire famfas, a wanke wurin da ruwa mai ɗumi, a tsane shi da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba, a bar yaro ya sha iska a kan tabarma, sannan a shafa basilin ko man kaɗanya mai tsabta. 'Ya mace kuma daga gaba ake share ta zuwa baya, don kada ƙazanta ta shiga mafitsara. Idan kwana uku suka wuce ba sauƙi, ko wurin ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, sai asibiti.

Akwai wani haɗari da ba a cika lura da shi ba. Uwar da ke amfani da tsumma ta san sau nawa ɗanta ya yi fitsari, domin ita ke wankewa. Famfas kuwa yana shanyewa ya ɓoye. Idan yaro yana gudawa, ɗaukewar fitsari tana daga cikin manyan alamun cewa ruwan jikinsa yana ƙarewa. Iyayena mata, ku riƙa dubawa. Idan aka yi awa shida famfas yana nan a bushe, ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, yaro ya yi laushi ya ƙi kama nono, kada a jira gari ya waye. A ci gaba da ba shi nono, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na fakiti, a nemi ƙwayar zinki, a kama hanyar asibiti.

Na san kuma maganar da ake yaɗawa, cewa famfas yana kashe mazakutar yaro, ko yana sa gwame. A shekarar 2000 wasu likitoci a Jami'ar Kiel ta Jamus sun auna sun ga ƙunzugu mai leda yana ƙara ɗumi a 'ya'yan marainan yaro fiye da na auduga, daga nan zancen ya samo tushe. Amma awon ɗumi suka yi, ba su nuna cewa wani ya rasa haihuwa saboda haka ba. Lanƙwasar ƙafa kuwa, ƙananan yara da yawa suna da ita kuma tana miƙewa da kanta, wadda ta ƙi miƙewa galibi daga ƙarancin sinadaran gina ƙashi take. Muna ɓata lokaci a kan tsoron da ba shi da tabbas, muna tsallake cutar da ke kwance a ƙofar gidanmu.

Ku zagaya bayan gari da safe bayan an yi ruwan sama. Ku dubi juji, ku dubi kwata, ku dubi kangon da ke bayan makarantar allo. Za ku gan su a zube, sun sha ruwa sun kumbura, wasu sun fashe, wani farin abu mai santsi kamar dafaffen sitaci ya malalo, ga kashin a ciki yadda aka naɗe shi. Kare ya ja ɗaya ya kai inuwar da dattawa ke zama. Kaji suna tona wani. Akuya tana taunar ledar, kuma mahauta sun san irin tulin ledar da suke cirowa daga tumbin dabba. Ƙuda ya tashi daga nan ya sauka a kan farantin awara da ke hannun 'yar talla. Yara ba takalmi suna wasa a gefe, ɗaya ya ɗauki kara yana tsokanar abin. Iska ta kwashi wasu ta kai gona, wasu kuma an kwashe su tare da takin juji an kai da jaki, manomi ya sa fartanya ya ci karo da su bana, ya sake cin karo da su baɗi, domin leda ba ta ruɓewa, masana suna ƙiyasta mata ɗaruruwan shekaru a ƙasa. Abin da kwata ta ɗauka kuma ya gangara rafi. Gulbin Bunsuru na wajen Zurmi da gulbin Gagare na Ƙaura duk a gulbin Rima suke zuba ruwansu, kuma a kan hanya mutane ke sha, suna wanka, suna ban-ruwan albasa da tumatir.

Mutane da yawa sun ɗauka kashin jariri ba kashi ba ne, tunda nono kawai yake sha. Wannan kuskure ne mai kisa. Masana lafiya sun tabbatar cewa bahayan ƙananan yara ya fi na manya ɗaukar ƙwayoyin cuta, domin su ne suka fi yawan gudawa. Ta wannan hanya ƙwayar rota ke yaɗuwa, wadda ke kwantar da jarirai da gudawa mai tsanani, wadda sai a Agustan 2022 Najeriya ta sa rigakafinta cikin jerin na yau da kullum, ɗigo ne a baki. Ta nan amai da gudawa ke bi. A annobar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,500 suka rasu, Zamfara kuma tana cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Shan inna ma ta kashi take bi. An ayyana Afirka ta rabu da asalin cutar a Agustan 2020, amma wani nau'inta yana nan yana yawo a arewa maso yamma.

Ku haɗa wannan da halin da yaranmu ke ciki. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, tare da ma'aikatar lafiya, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 97,000 a ƙananan hukumomin biyu, ta samu fiye da ɗaya cikin huɗu suna fama da tamowa. Yaro mai tamowa gudawa ɗaya ke kayar da shi, gudawar kuma ta ƙara ramar da shi. A irin wannan wuri, famfas guda da aka jefa bayan katanga yana iya zama ajalin ɗan maƙwabci. Kuma idan kuɗin da ke hannu bai isa a sayi famfas a kuma sayi ƙwai ko wake ko gyaɗa ba, ni a ganina cikin yaro ya kamata a fara dubawa, a koma wa nafkin da sabulu.

Addininmu bai bar wannan fage ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, fitsarin jariri najasa ne kamar na babba. Amma Mukhtasar na Shaihu Halil ya kawo rangwame ga mai shayarwa: abin da ya taɓa tufafinta daga yaron bayan ta yi iya ƙoƙarinta an yafe mata, an kuma so ta keɓe zanen salla. Malaman nan sun san wahalar reno, sun sauƙaƙa wa uwa. A ɗaya gefen kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani mai tsanani ga yin bahaya a kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, da mashayar ruwa. Wanda ya naɗe bahaya a leda ya jefa a waɗannan wurare, ina bambancinsa da wanda ya tsuguna a wurin? Ina roƙon limamanmu na Juma'a su ɗauki wannan a huɗuba, malaman islamiyyar matan aure su ma su karantar da shi a babin tsarki.

Kada kuma mu manta ba jarirai kaɗai ke sa shi ba. Akwai na manya. Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, tsohuwar da ba ta iya riƙe fitsari, mai jego da ke fama da jinin biƙi, duk suna samun sutura da shi, masu jinya kuma suna samun sauƙi. Babu abin kunya a ciki, kuma ɗan da ya sayo wa mahaifinsa ya yi aikin lada. Amma ina da magana ta musamman a kan mata masu yoyon fitsari, waɗanda doguwar naƙuda ta ji wa rauni. Kada a sayo mata famfas a rufe ta a ɗaki shekara da shekaru. Ciwon nan ana ɗinke shi a warke. Ana yin aikin a asibitin Farida da ke Gusau, ana yi a cibiyar ƙasa ta Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana yi yana koyarwa, ana kuma yi a asibitin mata da yara na Maryam Abacha a Sakkwato. A kai ta.

To yaya za a yi da wanda aka cire? A fara kankare kashin a zuba a masai, nan ne wurinsa. Sannan a naɗe famfas ɗin a ɗaure, a tara a bokiti mai murfi inda yaro da dabba ba za su kai ba. Kada a jefa ledar cikin masai, za ta cika ramin tun lokacinsa bai yi ba. Ƙonawa ma ba ta cika yi ba, domin abin jiƙe yake, sai ya yi ta turnuƙe gida da baƙin hayaƙi mai shaƙe ƙirji, rabinsa kuma ya rage. Abin da ya fi a wurin da ba motar shara shi ne rami mai zurfi, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, a riƙa zubawa ana rufewa da ƙasa. Bayan haka a wanke hannu da sabulu, in babu a sa toka, kafin a taɓa nono ko tukunya. A gida da rana a bar yaro da nafkin, a shanya shi a rana bayan wanki, a kuma fara ɗora shi a fo da zarar ya iya zama. A ajiye famfas don dare da tafiya da jinya.

'Yan'uwana maza, haƙa ramin nan ba aikin mai jego ba ne. Mu da muke alfahari da ragon suna, muke kirga ƙunshin famfas nawa aka kawo barka, mu ne ya kamata mu ɗauki diga da shebur mu haƙa, mu sayo sabulu, mu tabbatar akwai ruwa a randa. Masu kai barka kuma, ku haɗa da nafkin rabin dozin da sandar sabulu da bokiti mai murfi, za su daɗe suna amfani bayan ƙunshin famfas ya ƙare.

Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni na masarautun Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, da shugabannin ƙananan hukumomin uku, a da muna da duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa ya leƙa masai, kuma ana jin maganarsa. Ma'aikatan tsabtar muhalli suna nan a sassan lafiya na ƙananan hukumomi har yau. A fito da su, a ware wa kowace unguwa rami ɗaya da aka killace, musamman inda 'yan gudun hijira suka taru, a kuma yi wannan kafin ruwan farko ya sauka. Mai unguwar da ke saurare na a Gurbin Bore, ba sai ka jira takarda daga Gusau ba, ka tara matasa ranar Asabar mai zuwa ku fara da jujin da ya fi kusa da rijiya.